Kujerar da Ke Jiƙewa Duk Asabar

Shafi na 23

Masu bina ta saƙo suna cewa na tsani Yaya, wallahi ban tsane ta ba, halinta dai na sani. Wadda ta ce in ban turo yau ba za ta zo har gida, ki ajiye takalminki, ga shi.

*

Kwana uku Yaya ta yi tana tsara tafiyar nan. In ta dawo daga asibiti ko fararen kayan aikin ba ta cirewa, sai ta zauna a teburin falo da takarda da biro, ta buɗe taswira a waya tana bin hanyar da yatsa. Awa tara ce tsakanin garinsu da birnin da likitan idon Baba yake. Asabar za su tashi, Litinin a duba shi. Ta kai motar wurin bakanike an yi mata juyen baƙin mai, an duba birki, an canza tayoyin gaba, har safayar da ke but sai da ta sa aka ƙara mata iska.

Shekara uku ke nan ita ke jan Baba, tun da ganinsa ya fara tafiya bayan rasuwar Mama. Asibiti, wurin aski, gaisuwar mara lafiya, duk ita ce. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana jan tirela, shi ya ɗauki mukulli ya danƙa mata a hannu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma a duniya ba abin da take ji da shi kamar wannan kujerar, ita a sitiyari, shi a gefe yana cewa "sassauta, akwai rami" tun kafin ita mai idon ta hango ramin.

Ranar Alhamis da la'asar ta kawo takardar gabansa. Auta, ƙanwarta da ta gama jami'a bara ta dawo gida, tana kan doguwar kujera tana ɓare lemo.

"Baba, bari in karanta maka tsarin. Ƙarfe shida mu tashi. Bakwai saura mu tsaya a gidan man farko, akwai banɗaki mai tsabta. Bakwai da rabi, bayan babbar gada, nan ma akwai banɗaki. Takwas da kwata..."

Baba na saurare, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yatsun suka ƙare ba ta gama ba.

"Sau nawa ke nan?"

"Goma sha ɗaya."

"A awa tara? Ke, tafiya za mu yi ko talla?"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. Yaya ta watsa mata hararar da ta sa ta haɗiye sauran tare da lemon.

"Don ka riƙa miƙe ƙafa ne, Baba."

"Ƙafar tawa ce ta kawo miki ƙara? To ci gaba. In mun isa fa?"

"Na kama mana masauki kusa da asibitin."

"Masauki? Da gidan mijinki a garin?"

"Gidan ya yi nisa da asibitin. Kuma Injiniya ba ya nan, aiki ya kai shi wani wuri. Yana ma gaishe ka."

Ba ta san lokacin da hannunta ya kai kan jakarta ba. A aljihun ciki akwai wata farar ambulan da ta yi wata biyu a wurin, ba wanda ya san da ita sai ita da wanda ya aiko ta.

Baba bai ja maganar ba, sai ya koma ta baya.

"Ni banɗakin nan ne ya tsaya mini a rai. Duk inda kika zaɓa sai na ji banɗaki. Cikinki lafiya kuwa?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Auta, ɗan ba mu wuri."

"Bar ta," in ji Baba. "Ai da ita za a je."

"Da ita kuma? Yaushe aka yi haka?"

"An yi. Amsa mini abin da na tambaye ki."

Abin ya sosa mata rai, amma ta danne. Ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya, irin muryar da take yi wa tsofaffi a ɗakin jinya.

"Baba, aikina ke nan, ba abin kunya ba ne, shekaru ne. Na ga kujerar."

"Wace kujera?"

"Taka, ta cikin mota. Duk Asabar da bas ɗin ma'aikata ke ɗaukata, na san kana shiga ka zauna kana jin rediyo. In na dawo sai in tarar da ita a jiƙe. Wata biyar ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, wallahi. Da sassafe nake wankewa kafin kowa ya tashi."

Baba ya karkato kai wajenta.

"Shi ya sa kika rage mini shayin yamma?"

"Eh."

"Kika ce likita ne ya ce?"

"Na tambayi wani likita a wurinmu. Na ce masa wani tsoho ne maƙwabcinmu."

Sai Baba ya fashe da dariya. Dariya ta gaske, wadda rabon da a ji ta a gidan tun Mama na da rai. Ya yi har tari ya sarƙe shi, yana dukan hannun kujera. Auta kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ajiye lemon, tana kallon ƙasa, kuma wannan shirun nata shi ya fara tsinka wa Yaya zuciya.

"Ruwa ne, 'yar nan," Baba ya ce yana share hawaye. "Ruwan kofi ne."

Kofi.

Ba wanda ya tashi a gidan nan bai san kofin ba. Lokacin da Baba yake shugaban direbobi a kamfaninsu, ba a ba kowa mota ya hau doguwar hanya sai Baba ya zauna a gefensa da kofi cike taf da ruwa a kan gwiwa, daga bakin ƙofa zuwa babbar gada a dawo. In ruwan ya zuba, ka koma ka sake koyo. Tana ƙarama ita ke cika masa kofin, ta kawo shi da hannu biyu tana takawa a hankali. Ranar da ta karɓo lasisinta da kanta ta cika shi ta shiga mota ta miƙa masa. Ya karɓa, ya shanye, ya ce, "Ke ta cikin gari ce, ba ki buƙata." Ta yi dariya a ranar, amma maganar ba ta taɓa fita daga ranta ba.

A hankali ta juya ta kalli ƙanwarta.

"Kujerar direba da nake tararwa an matsar gaba. Na yi ta yi wa mai wankin mota faɗa."

Ta sake juyawa wajen Baba.

"Man fa? Allurar ba ta taɓa sauka ba."

"Cike shi muke yi daidai inda kika bari," in ji Baba, har yanzu da sauran dariya a muryarsa. "Direban da ba ya duba lambar kilomita ai an gama da shi. Na sha faɗa miki."

"Wata biyar?"

"Biyar. Da farko har wandona take jiƙawa. Amma Asabar ɗin da ta wuce, zuwa gada da dawowa, har ta wuce tanka biyu a hanya, ko ɗigo bai zuba ba. Ko cikin maza ban taɓa samun wanda ya yi haka a wata biyar ba."

Da alfahari ya faɗa, fuskarsa har wani haske take yi. Yaya ta ji wani abu ya taso mata. Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Ta tuna kanta a durƙushe da bokiti da sabulu tana goge kujerar, tana kuka a ɓoye wai babanta ya fara lalacewa. Ta tuna ledar shimfiɗar da ta saya ta ɓoye a ƙasan durowa don kada ya ji kunya. Ashe duk lokacin nan bayan Auta take wankewa.

"Baba, wa zai ja ranar Asabar?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Auta."

"Lasisinta ko shekara bai yi ba!"

"Hannu nake dubawa, ba takarda ba."

"Ni nawa hannun me ya yi? Shekara uku, na taɓa goga maka mota? Na taɓa sa ka makara?"

"Ba ki taɓa ba."

"To me na yi?"

"Yaya, don Allah," Auta ta ce, "ni fa ban roƙa ba. Shi ya ce..."

"Yi mini shiru, ba da ke nake ba! Ina kike lokacin da ya faɗi a banɗaki na rasa wanda zai kama mini shi? Kina can kina turo mana hotuna. Kin dawo da kwalinki kin tarar an gama wahala, sai ki bi ta bayan gida ki hau kujera."

"Ba ta bayan gida na bi ba."

"Da me kika bi? Kullum muna cin abinci a kwano ɗaya, ki kalle ni ki ce mini kin wuni kina barci. Har tausayinki nake ji, ina cewa rashin aiki na damunki."

"Shi ya ce kada in faɗa."

"Ke kuma ga mai biyayya."

"Ya isa," in ji Baba.

Amma bai isa ba, don a daidai lokacin idon Yaya ya sauka a kan abin da ke leƙowa daga jakar Auta. Ɗan littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya cinye, an ɗaure shi da roba. Littafin hanyar Baba. Duk hanyar da ya taɓa bi tana ciki. Ko Mama ba ta taɓa shi, ita kanta Yaya sau ɗaya ta ɗauka don ta share ƙarƙashinsa, sai da ya yi kwana biyu bai sake mata fuska ba.

Taku biyu ta yi ta fizge shi.

"Yaya, ba ni!"

"Taɓa ni ki gani."

Ta cire robar. Rubutun Baba ne na da, ƙanana a tsaye. Bayan gada ta biyu akwai kwana mai cin mutane, kada ka wuce mota. Gidan mai mai jan rufi, kada ka sha, mansu da ruwa. Gangaren dutse, sauka da giya, ba da birki ba. Kwana uku ta yi tana bin waya tana neman irin wannan, ga shi a jakar ƙanwarta tare da man leɓe da cingam.

Shafin ƙarshe sabo ne, tawadar ma daban. Rubutun Auta ne, mai zagaye, amma maganar ta Baba ce, da ji ka san faɗa ya yi ana rubutawa.

Tafiya, Asabar. Tsayawa uku. Sauka, gidan Yaya.

Dawowa, Laraba. Ni da Auta.

Ta karanta sau biyu. Ta juya shafin ko akwai ci gaba a baya. Babu.

"Ni da Auta," ta faɗa a fili. "Ni fa?"

Baba ya miƙa hannu yana laluben inda take. Ta ja baya, hannun ya tsaya a iska, ya mayar da shi kan gwiwarsa.

"Zauna, 'yata."

"Ina ji daga nan."

"To ji. Likita gaskiya ne, za mu gan shi. Amma ba don shi na hau doguwar hanya da tsufana ba. Gidanki zan mayar da ke."

"Baba..."

"Bari in gama. Aurenki shekara huɗu, uku a gidan nan kika yi su. Injiniya mutum ne mai kunya, bai taɓa buɗe baki ya ce mini a ba shi matarsa ba. Da can duk mako sai ya kira ni. Yau wata shida ban ji muryarsa ba, kullum sai dai yana gaishe ka, yana gaishe ka. Ido na rasa, ban rasa kunne ba. Na san mutum in ya fara gajiya."

Yaya ta rufe littafin.

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ki me za ki ce? Baba ba shi da kowa. To yanzu yana da. Dole ta san hanyar, don ita za ta dawo da ni, ita za ta riƙa kawo ni in gan ki. Da na faɗa miki tun farko da kin ɓoye mukullin."

Gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya ƙara mata zafi.

"Shi ya sa ka shanye ruwan a ranar?"

"Shi ya sa. Duk wanda na gwada da kofi riƙe shi nake yi, ba ya zuwa ko'ina. Ke kuwa aronki aka ba ni. Ba a riƙe kayan aro."

Aro. Shekara uku tana auna masa magani, tana yanke masa farce, ta san tarinsa na mura da tarinsa na son a zo a zauna kusa da shi, yau ita ce aro. Wadda ta dawo jiya ita ce ta gida. Da a ce tsawa ya yi mata da ta fi samun sauƙi, amma a tausashe ya faɗa, yana ganin alheri yake mata.

"Kayana fa?" ta ce. "Ko haka za a ajiye ni a ƙofa da kayan jikina?"

Auta ta share hanci da bayan hannu. "Akwatunanki biyu suna ɗakina. Na shirya su tun jiya. Har labulen da Mama ta saya miki na wanke na goge."

"Sannu da aiki."

"Yaya, wallahi don ke muka yi. Na ɗauka za ki yi murna."

"Murna nake yi. Ba ki gani ba?"

"Ban ma faɗa masa muna zuwa ba," in ji Baba, murmushinsa ya fara dawowa. "So nake ya buɗe ƙofa kawai ya gan mu. In riƙe hannunki in sa a nasa in ce, ga amanarka, ka yafe wa tsoho ya daɗe da ita."

Yaya ta tsaya tana kallonsa. Ta tuna kiran ƙarshe da suka yi da Injiniya, tana tsaye a bayan ɗakin magani, yana cewa ya gaji da auren waya, ta sa masa rana ko da wata shida ne. Ta ce ba za ta iya sa rana ba, Baba ba shi da kowa. A daidai watannin da take faɗar haka, Baba na kan babbar hanya da kofi a gwiwa yana koya wa wata. Bayan nan ambulan ɗin ta same ta a wurin aiki. Layi uku ne a ciki da sa hannu, takardar saki ce. Ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya bari Baba ya ji saboda hawan jininsa, shi kuma ya cika mata wannan. Ta haɗiye abinta, ta ce ba komai, ai tana da kujerarta.

Ta ajiye baƙin littafin a kan takardar tsarinta mai tsayawa goma sha ɗaya. Ta buɗe jaka. Zif ɗin aljihun ciki ya ɗan ƙi, sai da ta ja shi da ƙarfi.

"Baba, wata biyar kana ɓoye mini naka sirrin, ko? To ni ma ina da nawa."

Ta jefa ambulan ɗin kan tebur. Ƙararta ba ta kai ta faɗuwar ganye ba, amma kunnen Baba ya kama.

"Mene ne wannan? Takarda ce?"

"Takarda ce."

"Auta, duba mini."

Auta ta kalli yayarta, ta kalli ambulan ɗin. Ta ɗauka, ta zaro, ta warware. Idonta ya bi layin farko, ya bi na biyu, bai kai na uku ba ta toshe baki da hannu. Takardar ta fara karkarwa tsakanin yatsunta har ana jin motsinta.

"Karanta masa mana, direba," Yaya ta ce, hawaye na sauko mata ba ta share ba. "Ba ke ce hannunki ba ya rawa ba?"

Baba ya karkato kai wajen da yake jin motsin takardar, ya gyara zama, fuskarsa a sake.

"Daga Injiniya ne? Madalla. Me ya ce?"